Madubi a Kan Jirgin Sabela

Karo na uku ke nan Sabela tana nuna doguwar eriyar rediyon da ke jingine a bangon shagon kayan jirgin ruwa, karo na uku kuma tsoho Breixo mai shagon yana girgiza kai.

"Baba, wai jirgin nan nawa ne ko naka?"

"Naki ne, 'yar nan. Amma wannan ta manyan jirage ce. Naki da igiyar ruwa ta taɓa shi sai rawa, rabin muryarki ya tafi sama, rabi ya shige ruwa. Ɗauki gajeruwar, mu ɗaura ta can ƙololuwa."

Ta ja tsaki, ta sake duban agogo. Gobe ake buɗe kamun ƙaguwa, kuma gobe ce ranar farko da za ta fita teku ita kaɗai a ɗan jirgin da ta saya. Inda ƙaguwar take kuwa dab yake da hanyar manyan jiragen kaya, wurin da hazo kan sauka ba sallama. A nan yayanta Anxo ya rasu shekara tara da suka wuce. Wani jirgin kaya ne ya bi ta kansa da sanyin safiya, bai ma san ya yi ba. Lokacin Sabela tana aikin otal a Suwizalan. Ta zo jana'iza ta koma, mahaifiyarsu Dosinda ce ta yi ta zaryar kotu a birni ita kaɗai.

Tun ranar da aka kawo jirgin Dosinda ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ba ta hana ba, don ta san 'yarta. Sharaɗi ɗaya ta kafa: eriya da madubin rada, a shagon Breixo za a saye su, ba wani wuri ba. Abin ya ɗaure wa Sabela kai, domin matar nan ko gaisuwar Breixo ba ta amsawa. In ta hango shi a hanyar coci, tsallaka titi take yi.

Shi Breixo baƙo ne a garin, shekara bakwai ko takwas da zuwansa. Masunta suna kiransa kyaftin na tudu, saboda ba a taɓa ganin ƙafarsa a jirgin da aka kwance ba. Gardamar tsiya gare shi, kana son abu ya hana ka. In hazo ya sauka kuma sai ya rufe shago, ya ɗauki ƙaramar rediyo ya yi ta kai da kawowa a bakin gaɓa, yana ƙirga jirage har na ƙarshe ya shigo.

Da aka zo kan madubin rada, ƙarfen nan da ke sa manyan jirage su ga ƙanana a na'urarsu, Sabela ta zaɓi wani siriri mai kyau, kamar kyandir. Breixo ya karɓe shi daga hannunta ya mayar cikin akwati.

"Wannan a allon rada bai kai ƙwayar gishiri ba. Ya fito, ya ɓace, mai kallo ya ce igiyar ruwa ce ya kau da kai."

Ya jawo wani ƙato na alminiyum mai kusurwoyi, mummuna kamar an taka tukunya.

"Haba Baba, da wannan zan fita? Ai dariya za a yi mini."

"Gara su yi dariya kina ji."

Bai bar ta ta tafi da kayan ba. Ya rufe shagon da rana tsaka, ya biyo ta gaɓa, ya hau sandar jirgin da kansa, da furfurarsa da ciwon gwiwarsa. Ya ɗaura eriyar, sannan ya ɗaura madubin a karkace, ɗaya daga cikin aljihunan da ke tsakanin kusurwoyinsa yana kallon sama kamar mai tarar ruwan sama.

"Ka karkata shi," in ji Sabela daga ƙasa. "Na Anxo a miƙe yake, tsininsa sama."

Sukundireba ta suɓuce daga hannun tsohon ta faɗa ruwa. Ya daɗe yana kallon inda ta nutse.

"Haka kowa yake ɗaurawa a da," ya ce, ya ciro wata daga aljihu.

Ko da ya sauko bai ƙyale ta ba. Ya sa ta kunna rediyo ta kira shi, ya amsa daga ƙarshen gaɓa. Ta sake. Ta kuma sake. Ya sa ta maimaita kiran neman agaji har sai da bakinta ya saba. Tarkunanta suna can jibge ba a shirya ba, rana ta yi sanyi, wani farin hazo kuma ya fara taruwa can bakin teku. Ranta ya ɓaci ƙwarai, tsoron goben da take dannewa tun safe ya taso mata.

Ta shiga gida tana faɗa. Dosinda tana kicin tana feraye dankali.

"Mama, yini guda mutumin nan ya cinye mini. Wanda bai san teku ba shi zai koya mini teku?"

"Shi ya hau da kansa?"

"Shi."

"A karkace ya ɗaura?"

"A karkace. Amma don Allah Mama, me ya sa sai shi? Ko kallonsa ba kya son yi."

Dosinda ta ajiye wuƙar, ta goge hannu a zanen kicin.

"Ba na son kallonsa, kuma ba zan taɓa so ba. Amma ke kaɗai kika rage mini, kuma duk ƙasar nan babu wanda zai tsaya a kan a gan ki cikin hazo kamarsa. Shi ne yake zaune gaban allon rada a jirgin da ya bi ta kan yayanki."