Zauren Rawar Kaka Merle

"Juya hagu, Kaka. Kin ga dandamalin?"

Kaka Merle ta juya da ƙaton tabarau a fuska, ta ƙyalƙyale da dariya. Ga tsohon zauren rawar garinsu tsaf a cikin tabarau ɗin, inda aka yi bikin aurenta. Jikanta Declan ne ya zana shi da manhajar wasan kwamfuta, aikin da hukumar gari ta ba shi.

"Ja'iri! Har ƙusar da ta yaga min riga ka sa?"

Tun kafin ya zana, ita ta zagaya da shi ainihin zauren lungu-lungu, don ya ce masu gyara ke son gani. Duk ginshiƙin da gara ta cinye ta nuna masa, har waɗanda ta daɗe tana rufewa da fenti, shi kuma yana ɗiga musu jar alama a kwamfuta.

Sai ƙasa ta girgiza, kofin shayinta ya faɗi.

"Mene ne wannan?"

"Sautin wasan ne, Kaka. Kar ki cire."

Ta fizge tabarau ɗin. Ta tagar falonta, a tsallaken titi, ta hango motar rusau ta burma cikin zauren.

"Ba gyara ka ce ba?"

"Shekara da shekaru mutanen hukuma suna neman hujjar rushe shi, ba su samu ba sai da kika nuna." Ya miƙa mata tabarau ɗin. "Ki ƙara kallo yanzu, Kaka. Nasu ne, gobe zan mayar."