Ƙafata a Kan Feda

Hannun manaja na cikin bakin injin matse ƙarfe, ƙafata kuma tana kan feda.

Faranti ne ya maƙale, sai ya kashe wuta ya cusa hannu yana zagina. Ya manta abin da kowane lebura ya sani: ko an kashe wuta, ƙaton wilin injin bai gama juyawa ba, kuma da an taka feda sai gudumar ta sauko. Ba ta san "tsaya" ba.

Manajan nan ne ya cire ragar kariyar injin bara, wai tana rage mana sauri. Ba a yi sati ba injin ya datse wa yayana yatsu uku. Ni na tsince su cikin tarkace, da ɗuminsu. Manaja ya ce sakaci ne, ya miƙa masa tsintsiya, ya mayar da shi mai shara.

Na fara danna ƙafa.

Ban ga tahowar Yaya ba. Sai ji na yi an kwashe ni da mari, na hantsila cikin tulin faranti, bakina cike da jini. Ya shaƙe ni yana huci.

"Ni na san ƙarar da ƙashi ke yi a ciki," ya ce a kunnena. "Kai ba za ka iya rayuwa da ita ba, shashasha."

Manaja ya zaro farantinsa, ya daka mana tsawa mu koma bakin aiki.

A madubin banɗaki na duba kuncina. Shatin yatsu biyu ne kacal.