Wanzamin da Ya Ce da Sauƙi

Namadi, mahaifiyarka ta gaya mini jibi za ka je wurin lauya kan maganar haɗarin nan. Ɗazu kuma da na tambaye ka ƙafa, ka ce mini da sauƙi, alhali ina ganin yadda kake cije leɓe in za ka zauna. To, miƙe ta a kan tabarma, ka saurari kawunka, in ba ka wani misali.

An yi wani wanzami a wani gari, dattijo mai sanyin hannu, wanda akan ce jariri na barci zai yi masa askin suna ya gama bai farka ba. Wata ranar kasuwa yana tafe a kan kekensa, zabira a rataye, sai motar wani kamfani ta kwashe shi ta baya ta watsar a bakin kwalbati. Hannunsa na dama ya karye wuri biyu. Ya yi jinya wata uku, ƙashi ya haɗe, aka sallame shi. Duk wanda ya zo dubiya ya ce yaya jiki, sai ya ce da sauƙi. Ana nan sai mutanen kamfanin suka aiko da takarda, cewa za su ɗauki nauyin asibiti su saya masa sabon keke, shi kuma ya dangwala yatsa a kan magana ta ƙare. Har ya yi niyyar dangwalawa. Matarsa, wadda suka haura shekara talatin tare ba ta taɓa tsallake maganarsa ba, ta ce alfarma ɗaya take roƙo, a fara kai wa lauya takardar ya karanta. Ya ce shi ba mutumin shari'a ba ne, abin da Allah ya ƙaddara ya riga ya faru. Ta ce ita ma ta yarda da ƙaddara, amma dai a je. Don kada ya ɓata mata rai, ya rataya zabirarsa kamar mai fita aiki, suka tafi.

Lauyan mutum ne marar gaggawa. Ya karanta takardar har ƙarshe, ya tambayi jiki, wanzami ya ce da sauƙi. Ya tambayi aiki, ya ce an gode Allah. Amma da aka kawo ruwa, lauya ya lura dattijon da hagu ya karɓi kofi, dama kuwa tana lafe cikin hannun riga. Sai lauyan ya cire hularsa ya ajiye, ya ce, "Baba, ga zabira a kafaɗarka, ni kuwa sumata ta taru. Ko za ka taimaka mini?" Wanzami ba ya ƙin kan da aka miƙo masa. Ya fito da aska ya wasa, ya jiƙa sumar, ya tsaya a bayansa yadda ya saba tun yana saurayi. Da ya ɗaga askar, yatsu suka ƙi riƙo. Ta kuɓuce masa, ta faɗi ƙasa. Ya daɗe yana kallonta bai sunkuya ba. Sannan ya zauna, ya fara magana a hankali. Ya ce yatsu uku ba sa jin zafi ba sa jin sanyi tun ranar da aka kwance masa hannu. Ya ce kullum yakan fita da zabira ya je bayan makarantar gari ya zauna a gindin bishiyar bedi har azahar, don a ɗauka aiki ya tafi. Ya ce ranar sunan jikarsa, shi da ya yi wa rabin garin askin suna, ƙarya ya yi ya ce zazzaɓi ya kwantar da shi, yana daga ɗaki yana jin kukan jaririyar a hannun wani wanzamin. Matar ta duƙa ta ɗauki askar, ta goge da bakin mayafinta, ta mayar masa cikin zabira, ta ce, "Na sani, Malam. Jira nake ka faɗa da bakinka." Lauya ya ce, "Baba, a gaban masu dubiya, da sauƙi godiya ce ga Allah, kuma tana da kyau. Amma a ɗakin nan abin da ka ba ni shi zan ɗauka in kai musu. In ka ce mini ka warke, warkakke zan kai."

Ba a dangwala wa takardar nan yatsa ba. Lauya ya tura shi wurin likitan jijiya, aka auna hannun aka rubuta abin da aka gani. Lauyan ya yi wata bakwai yana kai da kawowa tsakaninsa da kamfanin, har suka yarda da diyyar da ta dace ba tare da an shiga gaban alƙali ba. Da ita aka yi wa dattijon aiki a hannun. Yatsu biyu suka farfaɗo, ɗaya bai dawo ba, bai kuma sake riƙe aska ba har ya bar duniya. Amma ya buɗe ɗan shago a ƙofar gida, gidansa bai rasa tuwo ba, ya kuma daina ɓuya daga matarsa. Da hannun nan na dama ya riƙe jikarsa ranar da ta fara tafiya.

Saboda haka, ɗana, jibi in an tambaye ka, faɗi inda ke ciwo, da abin da ciwon ya hana ka, har wanda kake jin nauyin faɗa. Masu iya magana sun ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.