Mai Daddawar Faskari

"Kawu, kada ka ba shi lambar sirrin shafinka," in ji Shafa'atu.

Alhaji Mani ya harari ɗiyar ƙanwar tasa. Shekara guda ke nan da buɗe wa shagonsa na hatsi a Ƙanƙara shafi a intanet, ko mai neman tiya ɗaya bai kira ba. Yau ga Malam Uwais daga Kaduna ya yi alkawarin cikin kwana bakwai duk wanda ya nemi masara a Google, sunan Alhaji zai fara gani.

"Malam, wa ka taɓa yi wa?" ta tambaya.

"Ke, rufa mini baki gaban baƙo!"

"Wallahi ba ni yin shiru, Kawu, sai ya nuna."

Uwais ya murmusa. "Ƙyale ta, Alhaji, mata ba su san harkar ba." Ya rubuta "daddawa mai kyau" a wayarsa, shafin Daddawar Faskari ya fito a sama. "Ka gani? Aikina ne. Har Legas matar nan ke aikawa, kullum sai ta gode mini."

Alhaji ya fara laluben takardar lambar a aljihu.

"To, kira ta mu ji," in ji Shafa'atu. "Ga lambarta nan a shafin."

Alhaji ya ƙura wa Uwais ido, dole ya danna lambar.

Waya ta ɗau ƙara a jakar Shafa'atu. Ta ciro, ta kara a kunne, idonta cikin nasa.

"Salamu alaikum, mai Daddawar Faskari ce. Wa ke magana?"