Hoton da Inna Ke Shafawa

Ruwan kogin Haɗejiya ya riga ya ci katangar gidan, amma Inna ta sake komawa ɗaki da gudu. Ɗanta Umara na riƙe da kwalekwale yana huci. Da ta fito, ba hatsi ta ɗauko ba. Hoton nan ne dai, wanda aka ɗauki Umara da ƙanensa Shu'ibu a tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori, ran da Shu'ibu zai tafi yaƙin Bama.

Umara ke noma mata shinkafa, shi ke kamo mata kifi, amma ko sunansa ba ta faɗa, wai kunyar ɗan fari. Kullum tana ƙuryar ɗaki tana shafa hoto tana addu'a.

"Haba Inna! Sai ki halaka saboda ɗan lelenki?"

Ya fizge hoton zai wurga a ruwa, sai idonsa ya faɗa kai. Fuskar Shu'ibu na nan fes. Tasa ce ta koɗe saboda yawan shafa.

Inna ta kawar da kai, ta ce wa ruwan, "A miƙo min abina. A nan kaɗai nake iya kallonsa in ƙoshi."