Karkataccen Kan Keke

Wani ƙato ya jefar da keke a gaban rumfar Mai Faci kamar wanda ya yar da mushe.

"Kai, tashi ka miƙe min kan nan! Wane jakin ne ya ɗaura shi haka? Mariƙin hagu ya ɗago sama, an nannaɗe shi da roba, birki biyun duk an mayar dama. Wuyan hannuna har ya sage."

Mai Faci ya sauke kumburarrun ƙafafunsa daga benci. Kwanan nan a ƙasa yake zuwa aiki. Ya matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinsa, sifana a hannun dama, na hagu kuma naɗe cikin tsumman baƙin mai kamar kullum. Ya daɗe yana kallon keken, ransa na tafasa.

"Yallaɓai, naka ne?"

"A'a, na ubanka ne! Tun yana sabo nake hawansa."

"To, ba zan miƙe shi ba."

Kai, jama'a! Ƙaton ya yi ƙwallo da bokitin ruwa, ya watsar da gwangwanin notuna, ya rantse in ba a gyara kan nan yanzu ba sai ya rushe rumfar har ƙasa. Kuma zai iya, don damtsensa ya fi cinyar Mai Faci kauri. Rumfar nan kuwa ita ce ci da shan iyalinsa.

Duk da haka Mai Faci bai sa sifana ba. Sai ma ya ɗaga murya kamar an tambaye shi:

"Kan keke ai mai shi ake auna wa! In tafin hannu bai zauna daidai ba, kafaɗa ce ke ji a jikinta. Wanda ya lanƙwasa wannan ya san abin da yake yi."

Muryar ta kai inda yake so. Maƙwabcinsa mai walda ya kashe wutarsa. Mai nama ya fito yana goge hannu. Suka dubi keken, suka dubi juna, suka zo suka tsaya a bayan ƙaton.

"Wa kake yi wa wa'azi, tsinanne?" Ƙaton ya shaƙo wuyan rigar Mai Faci. "Uban wa ke da hannun da zai dace da wannan shirmen?"

Mai Faci ya warware tsumman a hankali. Ya ɗora hannunsa mai yatsu biyu a kan robar, ya zauna ɗas a gurbin da ya shekara yana ci kafin ranar da aka sace keken a ƙofar gidansa.