Ba Yadda Zan Yi

"Littafi nawa ka karanta na masu saɓa maka?" Farfesa ta tambaya, tana juya kundin digirinsa na biyu.

Ɗalibin falsafar ko ɗaya bai buɗe ba, ga matarsa a waje ta tara dangi don murna. Sai dabara ta faɗo masa.

"Ranki ya daɗe, ai abin da bincikena ya tabbatar ke nan: ɗan Adam ba shi da zaɓi. Ba yadda zan yi ne."

Malaman suka jinjina kai. Gogan naka har ya fara gyara zama.

"Wallahi ka gamsar da mu," in ji Farfesa, ta miƙo masa kundin. "Sai baɗi. Kada ka ƙullace mu, mu ma ba yadda za mu yi."